GYARA DA HANNUNKA: In Lasifikar Mota Ta Yi Shiru

A watan jiya muna dawowa daga taron ekklesiya a motar wani ɗan'uwa, sai muka ji ƙaurin roba. Da muka tsaya muka duba, ashe wayar lasifika ce ya ƙara da kansa, ya murɗe bakinta kawai bai naɗe ba. Da fis ya ƙone kuma, sai ya cusa guntun waya a gurbinsa. Da mata da yara a cikin motar nan. Allah ne ya kiyaye. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi zancen a wannan fili.

Kafin ka taɓa kowace waya, kashe mota, ka kwance kan batir mai alamar (-). Batirin ƙaramar mota volt 12 ne, ba ya jan mutum, amma yana iya mai da waya ja wur kamar garwashi.

In lasifika duka suka yi shiru, fara duba fis. Ka sa sabo mai lamba daidai da na dā. In ya sake ƙonewa, wata waya tana taɓa jikin mota; nemo ta. In lasifika guda ce ta yi shiru, ko takan ɗauke ta dawo, duba wayar da ta ratsa cikin roba tsakanin ƙofa da jikin mota. Buɗewa da rufewa sukan karya ta daga ciki. Duba kuma tsatsa a bakin lasifika, gama ruwan damina yana shiga ƙofa.

Ga gwaji mai sauƙi. Cire wayoyin lasifika biyu daga rediyo, ka taɓa su a kan batirin tocila mai volt 1.5, taɓawa ɗaya kawai. In ka ji “ƙas”, lasifika da waya suna da lafiya. In fuskar lasifika ta turo waje, wayar da ke kan (+) na batir ita ce (+). Ka lura da wannan, domin in aka juya wayoyin lasifika ɗaya, ita tana turawa ’yar'uwarta tana ja, sai amon ganga ya ɓace, murya ta zama siririya.

A yawancin rediyon da akan saya a kasuwa a sa wa mota, launi yana nuna hanya: fara ta hagun gaba, mai ruwan toka ta daman gaba, koriya ta hagun baya, mai ruwan shuni-shuni ta daman baya. Mai baƙin layi a kowace biyu ita ce (-). Tsofaffin rediyo sukan yarda a ɗaura (-) na lasifika a jikin mota, amma yawancin na yanzu in ka yi haka sai su lalace. Kowace lasifika a ja mata wayoyinta biyu har rediyo.

Mai son ƙara lasifika ya yi lissafi. Yawancin na mota om 4 ne. In ka haɗa biyu a baki ɗaya, (+) da (+), (-) da (-), sun koma om 2, rediyo zai yi zafi fiye da kima. In za ka sa amfilifaya, sayi waya mai kauri ta tagulla, ka sa fis kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. Araha ba ta ado. Kowane haɗi a like shi da dalma, a naɗe sosai. Abin da ya fi ƙarfinka kuwa, kai wa mai gyaran wutar mota.

Ɗan'uwan nan ya ce mana, “Ai ƙaramar waya ce, a ɓoye take, wa zai gani?” To, ga shi ta kusa cinye mota. Haka ƙaramin laifin da muke rufewa a gida yake, yana cin wuta a hankali. Ku karanta Luka 16:10 tare da iyali a daren yau. In kun gyara kuma, ku rage ƙara a kan hanya domin direba ya ji ham na wasu.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.