Firji Ma Yana Bukatar Shan Iska

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, al'ada ce sananniya a wurinmu cewa da zarar saurayi ya kama aikin gwamnati, albashi ya fara shiga aljihu, abin da ransa ke fara biyawa bayan katifa da fanka shi ne firji. Ba mu ga laifinsa ba. Wanda aka tura koyarwa ko aikin asibiti a Horo Birni, ko Kajiji, ko wani gari na ƙasar Shagari da Bodinga, ya ga yadda bazara ke yi a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba zai tsaya jiran wa'azi ba kafin ya nemi abin da zai sanyaya masa ruwa. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake riƙon wannan na'ura bayan an saye ta. Sai a kai ta falo, a manna ta da bango a cikin lungu, a lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, a ɗora mata rediyo da kwanonin amarya, sa'an nan in ta kasa sanyi a ce kayan zamani ba su da ƙarko. Mu kuwa muna ganin mafi yawan firjin da ke mutuwa a ƙasarmu shaƙe su ake yi.

Don a gane wannan magana, dole a fara kawar da wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane, har da masu digiri. Firji ba ya ƙera sanyi. Aikinsa kwashe zafi daga cikin akwatin ya zubar da shi a waje, kamar yadda mai yasar rijiya ke kwaso laka daga ƙasa yana jibgewa a baki. Kakanninmu sun san asalin wannan hikima tun kafin zuwan lantarki. Randar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da ya zama tururi sai ya tafi da wani kaso na zafin randar. Da wannan ilmi ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Firji ma tururi yake amfani da shi, sai dai nasa ruwan a kulle yake cikin bututu, ba ya ƙarewa. Wannan ruwa, wanda masu gyara ke kira gas, yana tafasa ne a cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Idan ya shiga bututun da ke cikin akwatin sai ya tafasa ya zama tururi, yana tsotse zafin nama da nono da zoɓo. Daga nan injin nan baƙi mai kama da tukunya da ke ƙasan firji ta baya, wato kwamfuresa, ya zuƙo tururin ya matse shi. Matsi kuwa yana ɗaga zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannun mai ba taya iska. Sai tururin mai zafi ya bi ta cikin baƙar ragar nan ta bayan firji, wadda ake kira kwandensa, ya saki zafinsa ga iskar ɗaki, ya koma ruwa. Ruwan ya matsa ta wani siririn bututu, matsinsa ya faɗi, ya sake shiga akwatin da sanyinsa. Haka yake zagayawa dare da rana. Wani Ba'amurke mai suna Jacob Perkins ne ya yi rajistar wannan tsari a Ingila a 1834, kuma har yau ba a sauya tushensa ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Zafi ba ya tafiya sai daga abu mai zafi zuwa wanda bai kai shi ba. Ke nan ragar baya ba za ta iya sauke kayanta ba sai ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi. A ɗakin da yake digiri 25, wannan abu ne mai sauƙi. A ɗaki mai rufin kwano a Horo Birni da azahar, inda iskar kanta ta kai 40, dole injin ya ƙara matsi sosai kafin ragar ta zarce iskar. In kuma an manna ragar da bango, iskar da ta ɗumama ba ta da hanyar fita, sai ta tsaya nan tana ƙara zafi, injin yana ta nishi ba hutawa, yana shan wuta, sanyin ciki yana raguwa. A lura kuma, zafin da ragar ke fitarwa ya fi wanda aka kwaso daga abinci yawa, domin har da na wahalar injin. Shi ya sa wanda ya buɗe ƙofar firji don ya sanyaya ɗaki, ƙara wa ɗakin zafi yake yi.

Ga kuma ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu tana sauka a kan ragar, ta haɗu da yanar gizo da maiƙon girki, ta zama bargo. A lokacin ba a jin illarta saboda gari da sanyi. Sai Maris ya kama, firji ya shiga bazara sanye da bargo, sa'an nan a fara neman mai gyara.

Maganin bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba. A janye firji daga bango kamar faɗin tafin hannu ko fiye, a bar sarari a samansa domin iska mai zafi sama take hawa. A zaɓa masa ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da murhu da tagar da rana ke dukanta da yamma, ko da baƙi ba za su gan shi ba. A ƙarshen hunturu a zare shi daga wuta, a share ragar da burushi mai laushi. Firjin da ake sayarwa yanzu da yawa ba su da raga a fili, an binne bututun a cikin bangon gefe, shi ya sa ake jin gefensu da ɗumi; irin waɗannan, ƙyallen ado da matse su tsakanin kabad da bango ya fi yi musu illa. Wanda ya sami ƙaramar fanka ya sa ta tana hura bayan firji a watannin zafi, zai ji injin ya fara samun hutu. Amma ba mu goyon bayan masu yayyafa wa ragar ruwa ko rataya mata jiƙaƙƙen tsumma. Gaskiya ne yana rage zafi, sai dai ruwa da lantarki ba sa ga maciji, kuma tsatsa tana huda bututun gas ya tsere.

Akwai wani abu da muke so mai saye ya duba tun a kanti. A jikin yawancin firji akwai 'yar takarda da ke nuna yanayin da aka ƙera shi dominsa. Harafin N na nufin ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T kuwa har 43. Tsofaffin firjin da ake shigo da su daga Turai, yawancinsu an yi su ne don ƙasashen sanyi. Mai sayen irinsu don araha ya kai Shagari, ya ɗauko dokin sukuwa ne ya ɗaura masa garma. Haka nan a tambayi irin gas ɗin da ke ciki. Tsohon gas mai suna R12 an daina ƙera shi bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Na yanzu, R600a, ba ya wannan ɓarna, amma yana kama wuta, don haka kada a bari kowane mai gyara ya ɗura wa firji abin da ya ga dama, kuma kada a ɓamɓare ƙanƙara da wuƙa.

Wani zai ce, duk wannan bayani a garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama? Ai nan ne ma maganar ta fi ƙarfi. Sunan NEPA ya sauya tun 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma jama'a ba su daina ƙirga sa'o'in da suke samun wuta ba. In sa'a huɗu kawai za a samu, firjin da ke numfashi sosai zai tara sanyin da zai kai shi gobe, shaƙaƙƙe kuwa wutar za ta ɗauke bai gama ba. Wanda ke amfani da janareta ko sola, duk wutar da injin ya sha a banza daga aljihunsa ta fita. Mace mai sayar da ƙanƙara da kunun aya a watan azumi, jarinta ke nan. A ɗakin shan magani kuwa abin ya wuce batun riba, domin yawancin alluran rigakafin yara ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, kuma wadda zafi ya lalata kamanninta ba ya sauyawa, sai a yi wa yaro ita a zaci an kare shi.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da Cibiyar Binciken Makamashi tun farkon shekarun 1980, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha a cikin Sakkwato. Muna kira ga ɗaliban kimiyya da injiniya da ke neman abin da za su yi bincike a kai a shekararsu ta ƙarshe, su ɗauki ma'aunin zafi su tafi Bodinga da Horo Birni a watan Afrilu. Su auna firji manne da bango, su auna shi a janye, su auna da fanka da babu fanka, su rubuta sakamakon da Hausa a takarda ɗaya da mai shago da malamin asibiti za su iya liƙawa a bango. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta ɗauki nauyin bugawa, ta fara da firjin da ke shagunan ɗakunan kwananmu.