Kafin A Zaɓi Makarantar Koyon Aikin Rediyo Da Talabijin

Sharhinmu na yau na iyaye ne da 'ya'yansu da suka gama sakandare, suke shirin cike fom ɗin JAMB da burin karanta aikin jarida na rediyo da talabijin.

Wanda duk ya ratsa Babbar Kasuwar Katsina da hantsi ya san matsayin rediyo a garin nan. A rumfar mai atamfa akwatin na rataye jikin ƙusa, a teburin mai shayi kuma an jingina waya da gwangwanin madara ana jin labarai. Yaran da suka tashi a rumfunan nan da dama sun ce su ma sai sun yi magana a ciki. Uba kuwa, da ribar shagon zai biya kuɗin karatun, sai ya tambaya wace makaranta ta fi. Akasari akan ce masa mai suna, ko mafi kusa, ko wadda ɗan maƙwabci ya yi. Alhaji, kai da ba ka sayen turmin atamfa sai ka warware ka duba zane, kada ka biya kuɗin karatun shekara huɗu da jin suna kawai.

Abu na farko da za a duba shi ne amincewar hukuma. Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna kuma ita ke tantance na kwalejojin kimiyya da fasaha. Kwas ake tantancewa ɗaya bayan ɗaya, don haka makaranta na iya zama da rajista amma sashen jaridarta bai samu amincewa ba, ɗalibi ya gama ya zo ya maƙale wajen tafiya bautar ƙasa. Haka kuma a shekarar 2020 NUC ta raba tsohon digirin aikin jarida gida bakwai, inda watsa shirye-shirye ya zama fanni mai zaman kansa, daban da hulɗa da jama'a, da talla, da harkar fim. Wasu jami'o'i sun bi sabon tsarin, wasu suna kan tsohon suna. Ɗalibi ya karanta kundin JAMB da kyau kafin ya danna.

Na biyu shi ne kayan aiki, kuma a nan makarantu suka fi bambanta. Jami'ar Bayero da ke Kano tana da tsangayar sadarwa da gidan rediyonta, BUK FM a kan mita 98.9. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da nata gidan rediyon. Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, wadda aka kafa a 1980, ta karkata ne ga kyamara da haɗa shiri. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kuma ta Hassan Usman a nan gida Katsina, ga mai son farawa da difloma. Amma gani ya kori ji. A je a shiga ɗakin shirye-shiryen. Ɗalibai nawa ke jiran makirfo ɗaya? Idan wuta ta ɗauke, akwai janareta ko sola, ko darasi ya ƙare ke nan? Ɗalibi yana zama gaban kwamfuta ya yanke murya da hannunsa, ko daga bayan gilashi yake leƙe? Malaman akwai wanda ya taɓa kwana a ɗakin labarai? Waɗannan tambayoyi ɗaliban ajin ƙarshe za a yi wa, domin su ba su da abin ɓoyewa. A kuma tambaye su inda aka tura su watannin sanin makamar aiki, da abin da aka bar su suka taɓa a can.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne harshe. Da Turanci ake koyarwa, da Turanci ake jarrabawa, amma ɗan Katsina idan ya fito, aikin da ya fi jiransa na Hausa ne: Rediyon Jihar Katsina, Companion FM, Vision FM, Freedom Radio, ko sassan Hausa na BBC, DW da RFI. Hanyar ma ba baƙuwa ba ce gare mu, domin muryar da ta buɗe Sashen Hausa na BBC a watan Maris na 1957 ta Aminu Abdullahi Malumfashi ce. A ɗakin labarai takarda kan zo da Turanci saura minti goma a fara, ana maganar kasafin kuɗi ko hauhawar farashi, a ce maka mayar da ita Hausar da mai sayar da hatsi zai gane ba tare da ya tambayi na kusa da shi ba. Wanda aka haifa cikin Hausa ma sai ya koyi wannan. Saboda haka a fifita makarantar da ke da sashen harsunan gida mai ƙarfi, inda ɗalibi zai iya ɗaukar darussan fassara da ƙa'idojin rubutu.

Mu tuna gobarar da ta tashi a Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021. A irin wannan rana zaƙin murya ba ya fitar da ɗan jarida. Sai ya san wa zai tambaya tsakanin 'yan kwana-kwana, shugabannin kasuwa da mai shagon da ke tsaye kan tokar dukiyarsa. Sai ya iya kame bakinsa daga faɗin musabbabi ko ƙiyasin asara da bai tabbatar ba, alhali jita-jita ta riga ta cika Facebook da WhatsApp. Sai ya iya naɗar murya cikin hayaniya, ya tace ta a wayarsa, ya aika kafin lokacin labarai. Makarantar da ta cancanci kuɗinka ita ce wadda ke fitar da ɗalibanta irin waɗannan wurare tun suna aji biyu.

A kuma faɗa wa yaro gaskiyar aljihu. Tun da aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a 1992 aka buɗe ƙofa ga gidaje masu zaman kansu, tashoshi sun yawaita, amma albashin farawa a yawancinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya iya kyamara, da tace hoto, da rubutu don intanet, shi ya fi samun mafita. 'Ya'ya mata ma kada a hana su, domin akwai labaran cikin gidajenmu da namiji ba zai taɓa shiga ya ɗauko ba.

Don haka iyaye, kafin a biya ko sisi, a ware yini guda da kuɗin mota, a kama hannun yaro a je makarantar. A nemi shaidar tantancewa, a shiga ɗakin shirye-shirye, a saurari abin da ɗaliban suka haɗa da kansu. Idan aka ce ɗakin a kulle yake kuma mai makullin ba ya nan, a koma wata rana. Idan aka sake tarar da shi a kulle, a duba wata makarantar.

Sharhin ke nan.