Umarni ɗaya ya kafa harsashi, amma wa zai riƙe ginin?

Jama'a, duk mai ɗa ko ƙane da ke koyon ƙera manhajar intanet a nan kudu, to ya matso kusa ya ji.

A wannan sana'a akwai wata dabara mai sauƙaƙa aiki. Mutum ya buɗe baƙin allon nan na kwamfuta, ya rubuta umarni layi ɗaya, cikin 'yan mintoci na'ura ta tsara masa fayiloli, ta jawo kayan aiki daga intanet, ta miƙa masa harsashin manhaja a shirye. Aikin da a dā yakan ci yini guda. Lalle abin yabo ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a bar shi.

Amma fa akwai abin lura. A shekarar 2016 kamfanin Facebook ya fito da irin wannan kayan aiki mai suna Create React App, makarantu da masu koyarwa suka rungume shi. Shi kuwa yakan ɓoye saitin Webpack da Babel, wato injinan da ke haɗa manhajar su juya ta yadda burauza za ta iya karantawa, don kada sabon shiga ya ruɗe. Sai ga shi a watan Fabrairu na 2025 masu kula da React sun sanar cewa kada a ƙara fara sabon aiki da shi, a koma wa irin su Next.js ko Vite, wanda Evan You ya ƙirƙiro a 2020.

To, wanda ya san abin da ke ƙarƙashin gininsa ya kwashe kayansa ya ƙaura ba wahala. Wanda kuwa umarnin kaɗai ya haddace, ina zai dosa ran da manhajar mai ciniki ta tsaya? Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka shawarata ga samarinmu ita ce, ku yi amfani da umarnin, amma in ya gama ku buɗe fayil ɗin package.json, ku bi kayan da aka lissafa ciki ɗaya bayan ɗaya har ku san aikin kowanne. Ko sau ɗaya ne, ku gina ƙaramar manhaja da hannu tun daga tushe. Iyaye masu biyan kuɗin koyo kuma, ku tambayi malamin ko yana koyar da wannan.

Allah ya sa mu dace, amin.