A Buɗe wa Malami Ƙofar Majalisar Jiha

'Yan uwa malamai da iyalanmu,

Doka ta yarda malamin firamare ya bi layi ya kaɗa ƙuri'a. Ta yarda a mai da farfajiyar makarantarsa rumfar zaɓe, a fito da bencinan ɗalibansa a dangwala a kansu. Abin da ta hana shi shi ne ya tsaya takarar majalisar dokokin jiharsa da ƙafafunsa. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga mai neman wannan kujera: ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekarun da aka ƙayyade, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, sannan ya kasance ɗan wata jam'iyya kuma ita ce ta tsayar da shi. Sharuɗɗa ukun farko kusan kowane ɗayanmu ya cika su har da rara. Na huɗun ne katangar da ta tare mu, kuma muna cewa katanga ce ta zalunci da ya kamata reshenmu ya sa hannu wajen rushe ta.

Domin kada a ce muna mafarki, ga labarin wani malami daga Amurka, ƙasar da muka kwaikwayo tsarin shugaban ƙasa da majalisun jihohi daga gare ta tun 1979.

A can ƙuryar arewa maso yammacin ƙasar akwai jihar Alaska. A kudancin jihar akwai wani gari mai suna Ketchikan, a kan tsibiri, wanda babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasar sai jirgin ruwa ko na sama. Mutanen garin ba su wuce dubu takwas da 'yan kai ba, galibin abincinsu daga kamun kifi da baƙi masu yawon buɗe ido. A nan ne wani mutum mai suna Dan Ortiz ya yi sama da shekara 30 yana koyarwa, yana kuma horar da ɗaliban sakandaren garin a fagen muhawara. Da ya ajiye alli, sai ya fito takarar majalisar wakilan jihar a zaɓen 2014, ba tare da tutar Rifablikan ko ta Dimokurat ba.

Ta yaya sunansa ya hau takardar ƙuri'a? Dokar jihar a lokacin ta ce wanda ba shi da jam'iyya ya tattaro sa hannun masu zaɓe na mazaɓarsa, adadin da ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na waɗanda suka yi zaɓen da ya gabata. Ya tattaro, ya miƙa, aka buga sunansa. Bai je gidan wani uban jam'iyya ya durƙusa ba, bai sayi daliget ba. Jarinsa shi ne abin da kowane tsohon malami yake da shi: a ƙaramin gari irin wannan, wuya a sami gidan da babu wanda ya zauna a ajinsa, ko wanda ɗansa ya zauna. Yankin ya daɗe a hannun 'yan Rifablikan, amma ya kayar da 'yar takararsu, Chere Klein, da ratar ƙuri'a ɗari da 'yan kai. Mutanen mazaɓar suka sake zaɓensa sau huɗu a jere, ya yi shekara 10 a majalisa.

Majalisar wakilan Alaska kujeru 40 gare ta, daidai da na majalisar dokokin jihar Kano. A 2017 aka kafa shugabancinta da mutum 22: 'yan Dimokurat 17, 'yan Rifablikan 3, da masu zaman kansu 2, Ortiz na cikinsu. Da babu waɗannan biyun, da rinjayen bai cika ba. Ya zauna a kwamitin kuɗi na majalisar, inda ake rabon kasafi, kuma a 2023 ya gabatar da ƙudirin ƙara kuɗin da jihar ke ware wa makarantu a kan kowane ɗalibi, kuɗin da ya yi shekaru kusan a tsaye yayin da farashin kaya ke hawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu mu ɗauko mutum irin wannan mu ajiye shi a mazaɓarmu. Akwai su a kowace ƙaramar hukuma: tsohon hedimasta da ya yi shekara 35 yana aiki, ko malama da ta koyar da rabin matan unguwa karatu da rubutu. A ce jama'a sun taru sun ce shi suke so. Me zai tarar?

Da farko zai tarar da kuɗin fom. Gabanin zaɓen 2023, jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar majalisar jiha a kan Naira miliyan 2, PDP kuma a kan Naira 600,000. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne. Ke nan mai wannan albashi sai ya tara na wata 67, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mallaki takardar APC. Fom kuwa izinin shiga fili ne kawai. Bayansa akwai zaɓen fid da gwani, inda a lokacin 'yan tsirarun daliget suka yanke wa dubban mutane hukunci, kuma babu wanda bai san da me aka shawo kansu ba. Bayan wannan akwai abin da ake kira maslaha, wato a kira masu neman kujera cikin dare a ce su janye wa wanda gwamna ya nuna.

Idan muka ce to ƙungiyarmu ta tsaya masa, sai mu ci karo da sashe na 221, wanda ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ba da gudummawa ga kuɗin yaƙin zaɓensa. Har Kotun Ƙoli ta ƙara ɗaure zancen a 2007, a shari'ar Rotimi Amaechi, inda ta yanke cewa jam'iyya ce ke cin zaɓe, kuma ta ba shi kujerar gwamnan Ribas alhali bai yi yaƙin neman zaɓen a matsayin ɗan takara ba. To idan jam'iyya ce ke cin zaɓe, ɗan majalisa wa zai ji tsoro? Wanda ya ba shi tikiti zai ji tsoro, domin shi ne zai iya hana shi a karo na gaba. Kada mu yi mamakin ganin majalisun jihohi sun zama 'yan amshin shatan fadar gwamnati. Tsarin ne ya haife su a haka.

Wani zai ce ina ruwan malamin firamare da wannan? Ruwanmu ne tsundum. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin da ake biyan albashinmu da gina azuzuwanmu. Ita ce ke yin dokar ƙananan hukumomi da ta hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin makarantunmu, amma jiha ba ta taɓa wannan tallafi sai ta ajiye nata kason daidai da shi, kuma majalisar jiha ce ya kamata ta tambayi gwamna dalilin da ya sa bai ajiye ba. A 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, amma malamin jiha da na ƙaramar hukuma sai sun jira jiharsu ta karɓe ta. Fansho da garatuti, ƙarin girma da kuɗin hutu, duk ta wannan zaure suke bi. Muna kai kukanmu ƙofarsa, amma ba mu da mai zama a ciki wanda ba ya jiran izinin kowa kafin ya buɗe baki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu adawa da takarar mai zaman kansa suna da hujjojinsu, kuma za mu amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Suna cewa attajirai kaɗai za su amfana, domin su ne za su iya yaƙin zaɓe ba tare da jam'iyya ba. Muna tambaya: yau wa ke amfana? Attajiri ba ya bukatar sabuwar ƙofa, tsohuwar ma da kuɗinsa yake buɗe ta. Wanda ke bukatar ta shi ne mai mutane marar kuɗi. Mazaɓar majalisar jiha ita ce mafi ƙanƙanta cikin kujerun da hukumar zaɓe ta ƙasa ke gudanarwa a jihohi, sau da yawa ƙaramar hukuma ɗaya ce ko rabinta. Mutum zai iya zagaye ta a kan babur, ya halarci suna da jana'iza, a san shi a san mahaifinsa. A irin wannan fili ne mutunci zai iya yin kokawa da kuɗi.

Suna cewa takardar ƙuri'a za ta cika da sunaye har mai zaɓe ya rikice. A zaɓen 2019 jam'iyyu 91 ne ke da rajista, 'yan takarar shugaban ƙasa 73, takardar ta yi tsawo kamar tabarma, kuma babu ɗan takara mai zaman kansa ko ɗaya a ciki. Sai da hukumar zaɓe ta soke rajistar jam'iyyu 74 a Fabrairun 2020. Maganin cunkoso sananne ne, shi ne wanda muka gani a Alaska: a ce mai son tsayawa ya kawo sa hannun masu katin zaɓe daga gundumomin mazaɓarsa, a tantance su. Wanda ya kasa samun mutanen da za su sa masa hannu ya koma gida.

Suna cewa mai zaman kansa zai zama maraya a zauren majalisa, babu mai sauraronsa. Mun ga yadda mutum biyu suka cika rinjaye a Alaska. Ga kuma misali kusa da gida. A zaɓen Gana na 2020, manyan jam'iyyu biyu suka tashi da kujeru 137 kowaccensu, sai kujerar Fomena ta faɗa hannun Andrew Asiamah Amoako, wanda ya tsaya da kansa bayan ya rabu da jam'iyyarsa. Shi ya zama raba gardama, har aka zaɓe shi mataimakin kakakin majalisa na biyu. Ko da ba a kai ga haka ba, murya ɗaya da za ta tashi ranar kasafi ta tambayi inda kuɗin gyaran azuzuwa suka shiga ta fi shirun mutum talatin.

Suna cewa ai ga ƙananan jam'iyyu nan, fom ɗinsu da araha, wani lokaci ma kyauta. Wannan shawara ce ta a ari rigar da ba a yarda da ita ba domin a wuce mai gadi. Mu da muke koya wa yara gaskiya, doka ta tilasta mana mu fara siyasa da riya? Kuma mai aron riga, ranar da mai ita ya daidaita da babbar jam'iyya, tsirara zai bar shi a tsakiyar kasuwa.

Wannan magana ba mu muka fara ta ba. A Jamhuriya ta Farko 'yan takara masu zaman kansu sun tsaya zaɓe a ƙasar nan. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a dawo da su a rahotonsa na 2008. Taron ƙasa na 2014 ya maimaita. Gyaran kundin da majalisar tarayya ta kammala a 2015 ya ƙunshi batun, Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba. A Maris 2022 majalisar tarayya ta sake amincewa da shi, amma cikin ƙudirori 16 da Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a Maris 2023 babu shi. Kowane karo sai a kawo shi bakin ƙofa a bar shi a nan. Dalili a fili yake: sashe na 9 ya ce gyaran kundi sai da kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma duk waɗanda ke zaune a waɗannan kujeru ta ƙofar jam'iyya suka shiga. An ba kura ajiyar nama. Sai dai mun ga sun taɓa sakin abin da suke riƙe da shi: a Mayun 2018 matasa suka matsa lamba har aka rage shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Matsin lamba ne ya yi wannan aiki.

Ba mu ce wannan gyara zai kashe sayen ƙuri'a ba, ba mu kuma ce kowane malami ya cancanci kujera ba. Malamin da ke bakin aiki ma sai ya ajiye aikinsa kwana 30 kafin zaɓe, kamar yadda sashe na 107 ya tanada, kuma mun yarda da haka, domin aji ba dandalin kamfe ba ne. Abin da muke nema shi ne a bar wa jama'ar mazaɓa hukuncin. Arewar da ta fitar da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Shehu Shagari daga cikin aji ba za a gaya mata cewa malami bai san mulki ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshe da su sa wannan batu cikin ajandar taronmu na gaba, a yanke matsaya a rubuce, a tura ta ga uwar ƙungiya ta jiha. Duk lokacin da aka buɗe zaman jin ra'ayin jama'a kan gyaran kundi, mu je da takardarmu a hannu. Mu gayyaci ɗan majalisar mazaɓarmu, mu yi masa tambaya ɗaya a gaban kowa: idan ƙudirin ɗan takara mai zaman kansa ya zo zaurenku, za ka ɗaga hannu ko za ka sauke? Mu rubuta amsarsa, mu buga ta a wannan shafi, matanmu da mazajenmu da 'ya'yanmu masu katin zaɓe su karanta, su riƙe ta har ranar da zai dawo neman ƙuri'a.

Allah Ya taimaki malamai, Ya kare mutuncin aikinmu.