Wa ke sauraren talhon Magariya?

Ranar 29 ga Mayu 2020, majalisar dokoki ta Yamai ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren talho da karanta saƙonni, da sunan yaƙi da ta'addanci da manyan laifuka. Depitocin adawa sun fice daga zauren, masu rinjaye suka jefa ƙuri'a. Izinin sauraren kuwa aka damƙa shi ga shugaban ƙasa, aka tsallake alƙali, alhali aya ta 29 ta tsarin mulkin 2010 ta kare sirrin saƙonni.

Falken Magariya da dillalin Dungas, masu ciniki da Maigatari ta salula, dokar ta shafe su. Wa ya nemi ra'ayinsu? Dokar laifukan intanet ta 2019 kuma, da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rushe majalisar. A 2024 sojoji suka maido da ɗauri kan ɓata suna, wanda aka soke a 2022. Maƙeri ba ya zaɓa wa wuƙa hannun da zai riƙe ta. Ranar da aka koma zaɓe, talaka ya tambayi mai neman ƙuri'arsa: ina ka tsaya ranar nan?