Cutar da ba ta da bayani da Hausa, amma tana da masu sayar da magani a TikTok

Ɗauki wayarka ka rubuta "kumburin kunne da ciwon gaɓɓai" a TikTok ko Facebook. Da wuya ka ga likita a sahun farko. Abin da zai fara fito maka shi ne mai kwalaben maganin sanyi, da mai garin zogale, da mai cewa a turo kuɗi a aiko da kaya ta motar haya. A yau ina so mu duba wata cuta guda da irin wannan kasuwa za ta iya halaka mai ita, mu ga inda waya ke taimako da inda take jefa mutum cikin rami.

Likitoci suna kiran cutar polikondiraitis mai komowa. Garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa guringuntsi, wato wannan abu mai tauri da lanƙwasa da ke kunne, hanci, maƙogwaro da gaɓɓai. Wani likita mai suna Jaksch-Wartenhorst ya fara bayyana ta a 1923, sunan da ake kiranta da shi yanzu kuma ya samu a 1960. Alamarta da aka fi sani ita ce saman kunne ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi, amma lallausan wurin da mata ke sa 'yan kunne ya zauna lafiya, domin babu guringuntsi a wurin. Tana iya karya doron hanci ya lotsa, ta taɓa ido, ta rage ji. Mafi haɗari shi ne idan ta kama bututun numfashi, domin guringuntsi ne yake riƙe shi a buɗe. Idan ya yi laushi, hanyar iska ta kan matse.

Cutar ba ta da yawa ko kaɗan. Wani ƙiyasi daga Amurka ya ce kimanin mutum 3.5 cikin miliyan ɗaya ke kamuwa a shekara, wani bincike a Ingila kuma ya samu ƙasa da mutum ɗaya cikin miliyan. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kebbi mutum miliyan 3.2 da ɗoriya. Ko da ka ɗauki adadi mafi girma ka yi lissafi da wannan ƙidaya, ba za ka kai mutum 12 a shekara ba a faɗin jihar, daga Wara har Argungu. To wanda ya ce maka ya warkar da ɗaruruwan masu wannan cuta, a ina ya same su?

Mu masu rubuta manhaja mun san abin da ke faruwa idan mutane suna neman abu a intanet alhali babu sahihin rubutu a kansa. A 2018 wasu masu bincike biyu, Michael Golebiewski da danah boyd, suka yi rubutu a kan wannan matsala, wadda za mu iya kira gibin bayanai. Injin bincike ba ya son ya dawo hannu rabbana. Duk abin da ya samu, shi zai miƙo maka. Da Turanci akwai shafuka irin su Orphanet da ke bayanin cututtukan da ba kasafai ake samu ba. Da Hausa filin a buɗe yake, wanda ya riga shiga shi ne sarki, kuma mai sayar da kaya ya fi kowa saurin shiga. Tsarin da ke zaɓo maka bidiyo yana auna tsawon lokacin da ka tsaya kana kallo da yawan waɗanda suka tura wa wasu. Gaskiyar maganar ba ta cikin lissafinsa.

Akwai wani tarko kuma da ya shafi wannan cuta musamman. Tana tasowa, ta yi kwanaki ko makonni, ta lafa da kanta, sannan ta dawo. Duk mai gyaran manhaja ya san irin matsalar da ke zuwa tana tafiya: ka kashe wayar ka kunna, ta ɓace, ka ɗauka ka gyara, gobe ta dawo. Mutum ya kan nemi magani ne lokacin da ciwo ya kai maƙura, wato dab da lokacin da zai fara sauka. Duk abin da ya sha a ranar, shi zai samu yabo. Bidiyon "na sha na warke" a wannan tsakanin ake ɗaukarsa. Babu wanda ke komawa bayan wata uku ya ɗauki kashi na biyu.

Ba na raina maganin gargajiya, kuma na san dalilin da ya sa mutane ke rungumarsa. Wanda ke ƙauyen bakin tafkin Kainji sai ya shiga kwale-kwale, ya hau mota zuwa Yelwa, in an tura shi gaba ya bi ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko ma har asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ƙwararrun likitocin gaɓɓai da garkuwar jiki kaɗan ne a ƙasar nan, kuma babu gwajin jini guda ɗaya da ke tabbatar da cutar. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma babu wani ganye, saiwa ko mai da aka gwada aka tabbatar yana tsayar da lalacewar guringuntsi a wannan cuta. Abin da likitoci ke amfani da shi magungunan kwantar da garkuwar jiki ne, irin su firednisolon da metotireksat, da sauransu gwargwadon tsananin ciwon.

Ga abubuwa uku da masu talla ba sa faɗa.

Na farko, kalmar "ƙara ƙarfin garkuwar jiki" da suke yawan maimaitawa. A wannan cuta garkuwar ce ta wuce gona da iri. Ko da kayan nasu yana yin abin da suka ce, ba shi ne mai ciwon yake buƙata ba.

Na biyu, ba kowane abu da aka rubuta wa "na ganye zalla" ne na ganye ba. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wani maganin ciwon gaɓɓai mai suna Artri King, bayan an gano an ɓoye dekzametason da dikilofenak a cikinsa. Irin wannan haɗi zai sa kumburi ya sauka nan take, mai sha ya yi ta yabo, alhali yana shan sitiroyid ba tare da sanin adadi ba. Haka kuma wanda ya daɗe a kan firednisolon, in ya yanke shi rana ɗaya saboda wani saƙon murya na WhatsApp, zai iya faɗuwa rai a hannun Allah. A hankali ake rage shi, bisa tsarin likita.

Na uku, hanta. Kurkum a miya ba matsala ba ne, amma ƙwayoyinsa masu ƙarfi wani abu ne daban. A 2023 hukumar magunguna ta Ostireliya ta yi gargaɗi cewa, ko da yake ba kasafai ba, suna iya lahanta hanta. Metotireksat ma hanta yake taɓawa. Haɗa su ba tare da likita ya sani ba caca ce.

Akwai taimakon da ba ya cutarwa, kuma mu mutanen bakin ruwa muna da shi a ƙofar gida. Sitiroyid yana rage ƙarfin ƙashi, ƙananan kifin da ake ci har da ƙashinsu kuwa suna ba da sinadarin kalsiyam. Rage gishiri da sukari yana da amfani, tunda maganin kan ɗaga hawan jini da sukarin jini. Nisantar sigari da shisha da hayaƙin bandar kifi yana sauƙaƙa wa maƙogwaro. Ga barci isasshe da motsa jiki mara wahala. Waɗannan suna tafiya ne tare da maganin asibiti, ba sa maye gurbinsa.

To ina amfanin waya? Ta zama mai ajiye shaida. Sau da yawa kafin mutum ya isa gaban likita kumburin ya riga ya sauka, sai a rasa abin dubawa. Ɗauki hoton kunnen, hancin ko idon duk ranar da ya taso, a cikin haske mai kyau, wayar za ta ajiye kwanan wata da kanta. Rubuta tsawon kwanakin da ya yi. In murya ta dusashe, naɗi ta. Ɗauki hoton kowace kwalba da kowane ƙulli da kake sha, har na gargajiya, ka nuna wa likita ba tare da jin kunya ba. Duba lambar rajista a kundin Greenbook na NAFDAC, ka kuma sani cewa lambar maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa. In wani magani ya yi maka illa, akwai manhajar Med Safety da aka ƙaddamar a Najeriya a 2020 don kai rahoto. ChatGPT da ire-irensa za su iya taimaka maka tsara tambayoyin da za ka yi wa likita, amma ba su ga kunnenka ba, kuma suna iya kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa.

Ka tuna kuma ba kowane kumburin kunne ne wannan cuta ba. Ƙwayar cuta bayan hudar kunne, ko rauni, ko kuturta, duk suna iya kama da ita, kowanne da maganinsa. Amma in numfashi ya fara fita da ƙara, ko ya yi wuya, ajiye wayar a nemi asibiti a daren.

Saura mu masu ilimin na'ura a Ngaski, Yauri da Shanga. Gibin nan ba zai cike kansa ba. Mu nemi likitoci da ma'aikatan jinya na yankinmu, mu taya su naɗar gajerun bayanai da Hausa, mu sa kalmomin da mutane ke nema da gaske a kan bidiyon. Kafin nan, duk saƙon maganin da ya faɗo cikin zauren WhatsApp na danginku, ku tambayi wa ya gwada shi da kuma a kan mutum nawa, kafin ku danna turawa.