Ƙarin esi a estet: ina iyakar ikon ƙungiyar masu gidaje?

Jama'a, tunda bazara ta kankama, bari mu taɓa wata magana da ke hana maƙwabta gaisawa a rukunin gidajen nan da muke kira estet, musamman a Abuja. Mutum ya sayi gida da guminsa, ko yana nan yana biyan bashinsa wata-wata, ɗakin tsohuwarsa ba ya kwantuwa saboda zafi, ya sayo ƙarin esi ya saka. Washegari sai ga takarda daga ƙungiyar masu gidaje: a cire, wai ya ɓata fuskar gini. To wa ke da gaskiya?

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba. A Amurka irin waɗannan ƙungiyoyi suna da ƙarfi sosai, har launin fenti da tsawon ciyawar ƙofar gida suna da ta cewa a kai, kuma da yawansu sun daɗe da hana esin da ake maƙalawa a taga saboda kyan gani. Sai ga ƙarshen watan Yunin 2021, zafi a birnin Portland na jihar Oregon ya kai kusan digiri 47 a ma'aunin Salshiyos. Mutane kusan ɗari suka mutu a jihar, akasarinsu tsofaffi masu zama su kaɗai a ɗakunan da babu abin sanyaya su. A watan Maris na 2022 Gwamna Kate Brown ta sa hannu kan dokar da ta taƙaita ikon masu ba da haya da ƙungiyoyin masu gidaje wajen hana mutum saka ƙaramin esi.

Abin da ya burge ni da dokar, ba ta ce kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Ana iya hana ka idan wayoyin ginin ba za su ɗauki nauyin na'urar ba, ko za ta toshe tagar da ake tsira ta nan in gobara ta tashi, ko tana iya faɗowa kan wani, ko ruwanta zai lalata gini. Wato dalili na tsaro ya tsaya, dalili na ado ya faɗi. Ni a ganina nan ne daidai.

Domin gaskiya, ƙungiya ma tana da hujja, kada son rai ya rufe mana ido. Taransifoma ɗaya ce ke ɗauke da gidaje da dama, kuma da lissafi aka saka ta. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wanda ba inbata ba, yana jan sama da kilowat ɗaya. Gida hamsin kowa ya ƙara biyu, an haura kilowat ɗari ke nan da ba a yi tanadinsu ba, kuma duk lokaci guda ake kunnawa, bayan isha'i. Daga nan wuta ta fara rauni, fis ya riƙa tsinkewa, wata rana taransifomar ta ƙone. Hukumar NERC ta sha faɗa cewa gyara ta aikin kamfanin rarraba wuta ne, amma mu da ke ƙasa mun san yadda ake ƙarewa: karo-karo, har da bawan Allah da fanka kawai yake da ita. Wannan zalunci ne. Haka in janareta na haɗaka ne kuma babu mita, mai esi huɗu yana shan man da mai esi ɗaya ya biya. Ga ruwan da ke ɗiga kan bangon na ƙasa har fenti ya kwaɓe, ga ƙarar injin waje a gindin tagar maƙwabci da tsakar dare.

Inda nake da ja shi ne ƙungiya ta ce a'a ba tare da dalili ba, ko doka ta zama ta wane da wane. Shugaban kwamiti esi shida a gidansa, ƙaramin ma'aikaci ya nemi na biyu saboda jaririnsa ko uwarsa mai hawan jini a ce sai an zauna, zaman da ba a sa masa rana ba har damina ta sauka. Haba jama'a! Zafin Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne, yana kisa.

Shawarata ga kwamitoci: ku rubuta dokar a fili, a karanta ta a babban taro, kowa ya san ta kafin ya kashe kuɗinsa. A kira ƙwararren mai aikin lantarki ya auna nauyin da ke kan taransifoma, ya raba gidaje daidai kan layukan nan uku. A fayyace inda za a kafa injin waje, a tilasta saka bututun da zai kai ruwa kwata. A sa wa'adin ba da amsa, ko mako biyu ne, in ya wuce ba a ce komai ba, an amince ke nan. Mai tsoho ko marar lafiya a gida a duba nasa da wuri. In kuma an hana, a rubuta dalili.

Mu ma masu sakawa mu yi lissafi. A farashin Band A da aka sanar a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, esin da ke jan kilowat ɗaya na awa takwas kullum zai iya cin naira 54,000 a wata. In da hali a sayi mai inbata, ya fi sauƙi ga aljihu da taransifoma. Sannan kafin ka kira mai huda bango, ka leƙa gidan maƙwabcinka ka faɗa masa. Haƙƙin maƙwabtaka ya riga kowace takardar ƙungiya.

Ku da ke zaune a estet, yaya taku dokar take? Allah Ya kawo mana sauƙin wannan zafi, Ya ba mu maƙwabta nagari.